Mamacin Gidan Hontan

Bristol, ƙasar Ingila, bayan girbin inabi, 1454

Zuwa ga Yaya Conderina, magajiyar gidan Hontan,

Gaisuwa tana tafe, amma bari in fara da abin da ba mai faɗa muku in ban faɗa da bakina ba. Na bar gidan Hontan da gizago ɗaya a kafaɗa da rigar da ke jikina, saboda ni ne ƙarami, gida kuwa na babba ne. Ba wanda ya raka ni ko zuwa mashigin kogi. Na share ɓawon katako a birnin Bayon har na zama ni ke riƙe igiyar awo. Karatun da na fara wajen limaman coci Baba ya katse shi, ni na ƙarasa wa kaina a kan gungume. Da Faransawa suka shiga Bayon ban tsaya na durƙusa musu ba, na haye teku, alhali ko sannu ban iya da harshen mutanen nan ba. Yau ina da filin sassaƙa nawa na kaina a bakin ruwa, ma'aikata suna cire mini hula. Jirage shida sun fito daga hannuna, ko ɗaya bai taɓa shan ruwa ba. Babbansu shi ya kwashi sojojin sarkin Ingila ya mayar da su birnin Bordo bara waccan. Na san an ci su da yaƙi, amma ba laifin jirgina ba ne: ya kai su a bushe, ya dawo da ragowarsu a bushe. Duk wannan ba da taimakon kawu ba, ba da gadon kowa ba, ba kuma ta hanyar auren magajiya ba, kamar wani da muka sani.

To, yanzu gaisuwa. Ina fata kina lafiya, ke da yara. Yaya ƙafar Inna? Ki ce mata ta daina hawa tudun coci da sanyin safiya. Ni lafiyata ƙalau, in ban da abincin mutanen nan, ba tafarnuwa ba maiƙo, giyarsu kuwa kamar ruwan da aka wanke sha'ir. A gaida mijinki ma, tunda shi zai karanta miki.

Doat matuƙin jirgi, wanda ya kawo wannan takarda, yana tafe da akwati. A ciki akwai ɗan ƙaramin jirgi mai tsawon kamu biyu, kamannin babban nan sak, har igiyoyinsa. Ni na sassaƙa shi. A goshinsa akwai sunan jirgin, Gaillarda, wato sunan Inna. A bayansa na yanka sunana da shekarar nan, tutarsa kuma mai jan gicciye ce ta Ingila. A rataye shi a rufin coci, daidai saman dutsen da mamatan gidanmu ke kwance ƙarƙashinsa, inda Inna ke durƙusawa, kamar yadda masu teku suka saba in Allah ya fisshe su. Na gidan Labat yana can tun muna yara, ya karkace kamar agwagwa mai ciwon ƙafa, amma kowa na kallonsa. Ina so ran Lahadi ƙauye ya ɗaga kai ya ga abin da yaron da aka ce ba shi da rabo ya zama.

Ƙaninki,
Menaut na Hontan, babban masassaƙin jirage

*

Daga bakin kogi, tsakiyar sanyi

Zuwa ga mai gizago,

Ni ne mijin yayarka, wanda ya auri magajiya. Na karanta mata takardarka duka, har wurin da ka zage ni ban tsallake ba. Muna lafiya. Ƙafar tsohuwa ta kumbura, amma tana shan faten geronta tana faɗa da kaji. An yanka alade, an sa masa gishiri.

Akwati ya iso. Aiki ya yi kyau, ba zan ƙi faɗa ba. Ba za a rataye shi ba. Yana cikin tsohuwar ganga, an rufe shi da dusa. Kada ka tambaye ni dalili a takarda, don takarda tana bi ta hannuwa da yawa kafin ta haye ruwa, kuma yanzu a tashar Bayon har ganga ake fasawa a duba. Kada ka sake aiko da komai. In za ka rubuto, kada ka sa suna, naka ko namu. In kuwa za ka iya daina rubutowa, ya fi mana.

Ka ce ba ka durƙusa wa kowa ba. Madalla. Mu da muke da gona da tsohuwa da yara, gwiwoyinmu sun yi kanta, amma rufin gidan yana nan inda ka bar shi. Kai da ka ga wuya ka kwance igiya ka tafi. Ni ban san inda ake kwance igiyar gida ba.

Ka zauna lafiya inda kake.

*

Bristol, bayan bikin Ista, 1455

Zuwa ga Gassiot, wanda ya shigo gidanmu da akwati ɗaya da tumaki biyu ya ɗauki sunanmu,

Ga sunanka nan na rubuta ɓaro-ɓaro, ga nawa kuma a ƙasa. Ni ba na jin kunyar ko ɗaya. Ina fata Inna ta samu sauƙi, Yaya da yara suna lafiya. Taka lafiyar ban tambaya ba.

Da na karanta takardarka na ga ko sunana ka kasa rubutawa, na ce hassada ce irin ta wanda bai taɓa ƙera ko cokali ba. Da a nan ta tsaya da na yi dariya na wuce. Sai Doat ya dawo. Na zaunar da shi na zuba masa giyar inabi, irin tamu ta gida, na ga yana ta kallon ƙasan kofi.

Na ce, "Doat, ka shiga cocinmu kuwa?"

Ya ce, "Na shiga, maigida."

"Ka ga jirgina?"

"Ban gani ba. Amma na ji sunanka."

"A bakin wa?"

Ya ce, "A bakin Fada, limamin cocinku. Yana karanto mamatan gidan Hontan, ya faɗi kakanka, ya faɗi babanka, sai ya ce Menaut, wanda teku ta ci. Wallahi maigida har na ce amin kafin na tuna na baro ka a nan kana zagin mai dafa kwalta."

Ya bincika mini sauran. An ce kun shimfiɗa baƙin mayafi a kan dutsenmu, kun kunna kyandir na kakin zuma, maƙwabta sun ci burodi da cuku a kaina. An ce har hawaye ka yi. Ina ma na gani.

Kana tsammanin ban san abin da kake nufi ba? Al'ada ta ba ɗan gida da bai yi aure ba ɗaki in ya dawo, da wuri a bakin murhu, da gurbi ƙarƙashin dutse in ya mutu. Ban taɓa cewa ina son ɗakinku ba. Ina da gida mai bene da tagar gilashi, abin da ba ka taɓa gani ba sai a coci. Amma ka kasa barci don tsoron ranar da zan turo ƙofa, shi ne ka binne ni da raina, ka sa tsohuwa mai ciwon ƙafa tana kukan ɗanta kowace Lahadi.

To ka saurara. Da kaka jiragen inabi za su sauka Bayon da takardar izini, ina cikin na farko. Ba zan biya ta gida ba. Zan shiga coci ran Lahadi in tsaya a baya cikin maza. In Fada ya ce Menaut, zan ce ga ni. Sai ka tanadi abin da za ka faɗa wa ƙauye.

Menaut na Hontan, mai rai

*

Daga bakin kogi, lokacin yankan ciyawa

Menaut,

Ka tilasta ni in rubuta abin da zai iya sa a rataye ni. An ɗinke wannan takarda cikin wuyan rigar Doat. In ka karanta ka ƙone ta, in dai girman kai ya bar ka ka sunkuya wajen murhu. Yara lafiya. Tsohuwa ba ta iya taka ƙafar yanzu.

Ka ambaci jirgin gidan Labat. An sauke shi, an hura wuta da shi. Ɗansu ƙarami yana cikin maharban da suka bi sojojin Ingila zuwa Bordo, ya tsira ya gudu can wajenku. Bayan yaƙin wakilin sarkin Faransa ya zo ƙauye da mutum biyu, ya tsaya ƙofar coci ya yi shela: duk gidan da ɗansa ya taimaki Ingila a komowarsu, yana kuma raye a ƙasarsu, gidan ya zama na sarki. Yanzu wani tsohon soja daga arewa ke zaune a Labat, ba ya jin harshenmu, ba ma jin nasa. Ka san dutse yana bin gida. Matar sojan ce ke durƙusawa a kan mamatan Labat, tsohuwar Labat kuwa tana tsaye bakin ƙofa wajen mabarata, tana leƙen kabarin mijinta ta tsakanin kafaɗun mutane.

Ɗan Labat baka kawai ya ja. Kai jirgi sukutum ka ƙera ka cika shi da soja, sannan ka sassaƙa ɗan ƙaraminsa, ka yanka sunanka da shekara, ka ɗaura masa jan gicciye, ka ce mu rataye a inda wakilin ke zama kowace babbar salla. Wane irin kai ne Allah ya ba ka? Yana auna katako, amma ba ya auna mutane.

Ba a ƙwace gida saboda mamaci. Shi ke nan dalilin. Ni na yi, ni na je wajen Fada, ni na sayo kakin. Zage ni yadda kake so, ka ƙara da tumakin, sun zama garke yanzu. Ɗakinka kuwa albasa muke shanyawa a ciki, ba wanda ke kishinsa. Amma kada ka zo.

Mijin yayarka

*

Bristol, ƙarshen bazara

Gassiot,

A gaida Inna da Yaya. Na karanta, na ƙone, gwiwata ba ta karye ba.

Labarinka ya tsaru, sai dai ni ba ɗan Labat ba ne. Ina da takardar zama ɗan gari a nan, manyan fataken da ke sayen inabinku a jirgina suke lodi. Na san yadda ake magana da wakilin sarki. Ku da kun ga mutum a kan doki sai ku fara tona wa 'yan'uwanku kabari.

Abu ɗaya na riƙe a takardarka: ka ce kai ka yi. Na gode da ka amsa. Wato ba a tambayi Inna ba. Matar da ta kori mai karɓar haraji da muciya ba za ta yarda a kira ɗanta cikin matattu don tsoron wani mai hula da gashin tsuntsu ba. Kun ga ta kwanta, kun yi yadda kuka ga dama. Ina nan tafe. In Inna ta dube ni ta ce in zama gawa, sai in zama. Daga bakinka kuwa, a'a.

Menaut

*

Gidan Hontan, farkon girbin inabi

Menaut ƙanena,

Ni ce Conderina. Gassiot ke rubutawa, na sa ya dafa gicciye ba zai canza mini kalma ba, ina kuma kallon hannunsa ko da ban iya karatu ba. Muna lafiya, mu da muka rage. Inna ta rasu. Mun sa ta ƙarƙashin dutse kusa da Baba. Ba ta wahala sosai ba, sai kwanakin ƙarshe.

Ka ce daga bakinta kake son ji. Ka makara, sai ka ji daga nawa.

Gassiot ƙarya ya yi maka. Ba shi ya je wajen Fada ba, shi dai ya goya ta ya kai ta. Ranar da aka fitar da tsohuwar Labat, Inna ta dawo ta zauna bakin murhu ba ta cire mayafi ba. Ta ce, "Conderina, Menaut ya mutu." Na saki tulu. Ta ce, "Ke tsince kayanki, wawiya, yana can yana cika wa Ingila kunne. Amma daga yau ya mutu." Gassiot ya ce, "Inna, zunubi ne fa." Ta ce, "Nawa ne, ba naka ba. Kai sunkuya in hau." Fada bai yi tambaya ba, mu ma ba mu ƙara masa bayani ba.

Ka ce mun sa ta kuka kowace Lahadi. Ba ta taɓa kuka ba. In Fada ya zo kan sunanka kowa ya ce amin, ita sai ta yi tari. Duk Lahadi. Har Fada ya aiko mata da zuma. Ta ce mini, "Bar su su amsa. Ni da Allah mun san inda yake, yana cin abinci ba tafarnuwa, wannan ma horo ne ya ishe shi."

Da ta kwanta ta sa aka fito da jirginka daga dusa, aka rufe taga, aka ɗora mata a kan bargo. Ta bi goshinsa da yatsa ta ce, "Wannan ne sunana?" Gassiot ya ce shi ne. Ta ce, "Dubi yadda yaron nan ya ɓata katako mai kyau." Ba ta yarda an ɗauke shi ba har ta cika. Mun karanta mata takardarka ta bayan Ista. Da aka zo wurin da ka ce za ka amsa ga ni, ta yi dariya har tari na gaske ya kama ta. Sannan ta ce, "Ku gaya masa in ya amsa, ko ina ƙarƙashin dutse zan taso in mare shi." Ita ta hana a gaya maka ita ce. Ta ce gara ka tsani Gassiot, ka riga ka saba.

Mijina yana da wauta a abubuwa da yawa, rubuta, Gassiot, na ce ka rubuta, amma shi ya goya uwarka zuwa coci sanyi biyu yayin da kake can kana kallon tagar gilashi. Kuma tunda kana son lissafin abin da ka yi kai kaɗai: gizagon da ka tarar jingine a bakin ƙofa ranar da za ka tafi, zannuwan aurenta Inna ta kai wa maƙeri ya ƙera shi.

Ba roƙonka nake ba, ni na yi maka wanka kana tsirara. Ina gaya maka ne kawai. In ka shigo cocin nan ka buɗe baki, kafin Kirsimeti wata baƙuwa ce za ta durƙusa a kan Inna, ni kuma ina bakin ƙofa kusa da tsohuwar Labat. Ka zo in kana so. Ka san hanya.

Yayarka

*

Bristol, bayan tashin jiragen inabi

Yaya,

Takardarki ta same ni a bakin tasha, an riga an ɗora akwatina. Na sa aka sauke. Jirgin ya tafi. Na rufe filin sassaƙa ranar, ma'aikata sun ɗauka zazzaɓi ne, na bar su a haka. Ina fata kina lafiya, ke da yara. Allah ya ji ƙan Inna. Da ta mare ni ɗin ma.

Zancen gizago, ni dai na san a bakin ƙofa na same shi. Ƙarfensa mai kyau ne, har yanzu da shi nake fara kowane jirgi. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba.

Ki gaya wa mijinki ban janye maganar tumaki ba, biyu ne, na ƙirga su da idona. Amma yana iya ci gaba da shanya albasarsa.

To, na mutu. Ba zan zo ba, ba zan sake aiko da takarda ba bayan wannan. Mutanen nan za su binne ni a ƙasarsu mai laka, su kira sunana a karkace yadda suka saba. Na yarda. Sai dai mamaci ma yana da haƙƙi a gidan Hontan, kuma zan karɓi nawa cif.

A rataye jirgin. Jirgin mamaci ba ya cutar da kowa, ku ce na aiko shi tun kafin yaƙi. Tutar ku jefa a murhu, ba ni na ɗinka ta ba. A kankare shekarar, amma kada Gassiot ya taɓa, zai huda mini bayan jirgi. Ki yi da kanki da wuƙar dasa inabi, a hankali, ki bi jijiyar katako. Sunan Inna da nawa a bar su yadda suke.

Fada kuma ya gyara bakinsa. In ya ce teku ta ci ni ya yi shiru, duk mai ji zai ɗauka jirgina ne ya nutse. Ƙaryar mutuwa na ɗauka, wannan ba zan ɗauka ba. Ya ce daga jirgin wani na faɗa. In yana son suna, ya ce na Faransa ne.

Na ƙarshe, kuma shi ne babba. Sunan da ke bakin Fada yana tafiya ranar da Fada ya tafi. Ina son nawa a dutse. A kira magini daga Bayon, ba ɗan ƙauye mai sassaƙa kwamin alade ba. Ya yanka shi ƙarƙashin na Inna, da zurfin da gwiwoyin jikokinki ba za su shafe shi ba. Doat zai shigo ran Lahadi kamar mai addu'a, ya durƙusa ya sa yatsa a ciki. In gaɓar yatsansa ba ta shige ba, a sake. Ga abin da za a yanka, kada a rage harafi ɗaya don tsada ko don tsoron wani:

MENAUT NA HONTAN, ƊAN GAILLARDA, BABBAN MASASSAƘIN JIRAGE. JIRGINSA BAI TAƁA SHAN RUWA BA.

Kun rubuta ni cikin matattu ba ku tambaye ni ba. Yanzu ku rubuta ni daidai.